Soket Ya Tona Asirin Hoto

Ba kowane hoton jarida ke faɗin gaskiya ba. Akan ɗauko hoton wata ƙasa, a rubuta sunan wata a ƙarƙashinsa. Yaro mai lura yakan gane, in ya dubi soket ɗin da ke jikin bango, gama kowace ƙasa da irin lantarkinta.

Da bolt ake auna ƙarfin lantarki. A gidajen Nijeriya bolt 230 ne, soket kuwa galibi irin na Ingila, ramuka uku masu kusurwa. A Amurka bolt 120 ne kurum, ramukan sirara kamar tsagar wuƙa. To, in jarida ta ce ga ɗaki a Kano, kuka ga sirara, sai ku yi shakka. Fitilar da aka yi domin wannan soket, in ta sha wutarmu, nan take ƙwanta zai ƙone.