Kogin Da Ba Ya Kai Wa Teku: Labarin Gaya Da Ajingi Da Fatakensu

Al'adar koguna su gangara teku. Amma kogin da ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya ratsa fadamun ƙasar Ajingi, shi nasa sha'ani dabam ne. Kogin Kano da kogin Challawa ne suka gamu suka haife shi, sai ya ba teku baya, ya fuskanci ƙasar rairayi. Ya wuce Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa. Daga nan Barebari ke kiransa Komadugu Yobe, har ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar, ya faɗa tafkin Chadi. Wanda ya san tafiyar ruwan nan ya san rabin labarin arzikin Gaya da Ajingi.

Gaya tsohon gari ne ƙwarai. Masu ba da labarin mutanen da sun ce maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka je gindin Dala neman tama, suka zauna. A labarin Bayajida ma an ce a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya tafi da ita Daura. Ko yaya mutum ya ɗauki waɗannan ruwayoyi, abu guda suke nunawa: tun farko da sana'ar hannu aka san garin.

Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Sarki Yakubu kuwa, 1452 zuwa 1463, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa, Barebari suka yi ta zuwa, aka kuma ambaci Agalfati Sarkin Gaya, wanda aka ce ɗan Sarkin Macina ne. Gaya tana gabas da birni, fuskar Barno, saboda haka ta zama ƙofa. Ayari ya taso da kanwa da gishiri da bandar kifi, ya koma da baƙin rini da ƙira da goro. Madugu yana gaba, jakuna da takarkarai suna biye. In an sauka zango, fatoma ya ba da masauki, dillali ya nemo mai saye, mata su sayar da fura da tuwo. In kogi ya kawo, sai a jira masu fito. Haka ayari guda ke ciyar da gidaje masu yawa. Malamai da almajirai masu tafiya gabas neman karatu su ma hanyar suke bi, allo da kaya tafiyarsu ɗaya.

Sa'an nan zamani ya juya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. Alhasan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ya koma sayen gyaɗa, har ya zama babban attajirin zamaninsa kafin rasuwarsa a 1955. A 1930 dogo ya kai Nguru ta Ringim da Malam Madori, kayan da jaki ke kwana da kwanaki da su suka shiga tarago. Zango ya yi shiru. Wanda ya tsaya jiran ayari ya tsiyace, wanda ya nemi ma'auni ya shiga ƙauye sayen gyaɗa da fata ya tsira.

Juyi na biyu a kan ruwan kansa ya auku. Bayan farin da aka yi daga 1972, aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Alherinsu a fili yake: Kura da Kadawa suka cika da shinkafa da tumatir, kogin da ke janyewa da rani ya riƙa gudana. Manomin fadama ya ajiye jigo ya ɗauki inji, noman rani ya zama jari, albasa da tattasai suka kama hanyar Kano. Amma ambaliyar da ke kwantar da laka kowace shekara ta ragu, kachala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Haɗeja da Nguru, masunta da makiyaya na can suka sha wuya. A damina mai nauyi kuwa, kamar ta 2001, ruwa ya zo gaba ɗaya ya cinye gonaki da gidaje a Kano da Jigawa.

To, a nan malamai suke da abin faɗi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hukuncin ruwan kwari: na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. Mutumin Ajingi shi ne na ƙasa ga mutumin Kura, shi ne kuma na sama ga mutumin Gashuwa. Haƙƙin da yake nema a wuyan wani, irinsa yana wuyansa.

Ɗan kasuwa kuma ya duba: masu sayen hatsinsa da tufarsa a gabas da ruwan nan suke rayuwa. In fadamarsu ta bushe, rumfarsa ce ta bushe. Kakanni sun ci arzikin hanyar nan don sun riƙe amanar baƙo da ta ma'auni. Yau amanar ruwa ta ƙaru a kansu.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya tsare na tudu da na gangare. Amin.