Sabon Birki a Tsohuwar Mota: Abin da Feda Ke Gaya wa Ƙafar Direba

Garin Onklou, a ƙasar Benin, na kan titin da ya tashi daga Parakou, ya haye kogin Ouémé a Bétérou, ya nufi Djougou, garin da fataken Hausawa suka daɗe suna yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayo goro. Jakunan fatake sun kau. Yau doya da kashu da ƙwarar kaɗanya da gawayi a bayan a-kori-kura suke fitowa daga ƙauyuka zuwa bakin kwalta, kuma wasu motocin sun girmi direbobinsu. Tsofaffin cikinsu, irin su Peugeot 404 na farko-farko da tsofaffin Land Cruiser, da birkin durom suka fito daga masana'anta, gaba da baya.

In durom ya cinye, ko lainin ya yi wuyar samu, sai mai mota ya samo dis da kalifa na wata mota a wurin masu kayan gwanjon Kwatano, a ɗaura masa a ƙafafun gaba. Shawarar ba ta da laifi. Dis a fili yake, iska na kaɗa shi, yana saurin hucewa, yana watsar da ruwa in an ratsa kududdufi, kuma ba ya bukatar a riƙa ɗaure shi kamar durom. Da shi Jaguar ta ci tseren Le Mans a 1953, kuma Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955. Inda ake kuskure shi ne zaton cewa aikin a bakin taya ya ƙare. Sai direba ya fita gwaji ya ji feda tana lotsewa har ƙasa, ko ta sandare mota na ci gaba da tafiya. Garin neman ƙiba an samo rama.

Dalilin yana cikin yadda birkin biyu suke aiki. Durom yana taimakon kansa: juyawarsa ce ke jan lainin ya ƙara cijewa, saboda haka matsi kaɗan ya wadace shi. Dis ba shi da wannan gata, ƙarfin da aka matse shi da shi kaɗai yake da shi. Sannan fistin ɗin kalifa ya fi na durom faɗi nesa ba kusa ba, yana shan mai da yawa kafin ya motsa. Ga matsi ana so, ga yawan mai ana so, alhali mastan da ke jikin motar don durom aka auna shi.

Masta kamar sirinji yake. Siriri na da sauƙin dannawa amma ruwan da yake turawa kaɗan ne. Mai kauri na tura ruwa da yawa amma sai an sa ƙarfi. A ɗauki direban da ya danna feda da nauyin kilo 30, a motar da sandar fedarta ke ninka ƙarfi sau 6. Kilo 180 ke nan ya isa masta. In faɗin mastan milimita 22 ne, matsin da zai shiga bututu ya kai kusan bar 46. In milimita 25 ne, sai ya sauko wajen bar 36. Tazarar milimita 3 kacal ta cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin birki. Shi ya sa na fi jin tsoron bakaniken da zai ce "a sa babban masta kawai" fiye da wanda zai ce bai gano matsalar ba tukuna. Ƙaramin masta kan sa feda ta yi nisa, babba kan sa ta yi tauri. Wanda ya dace shi ne na motar da aka ciro kalifar daga jikinta, ko mai faɗi daidai da shi.

Amma kafin a taɓa masta, a saurari fedar. In laushi take yi, tana shan ƙafa ba ta da tsayayyen wuri, iska ce a cikin mai. Duk wanda ya zauna a gareji ya san yadda ake fitar da ita. Maigida na kwance ƙarƙashin mota da sifana a kan nefil, yaro na kan kujerar direba.

"Buga! Riƙe!"

"Na riƙe, Oga."

Sai a kwance nefil, mai ya tsarto da kumfa, feda ta faɗi, a ɗaure. Ana iya wuni ana wannan, a ƙarar da gwangwanin mai, laushin na nan. To a nan ne ya kamata maigida ya tashi zaune ya dubi kalifar kanta. Ta hagu da ta dama kama suke yi, kuma kowace na shiga gurbin 'yar'uwarta. In an musanya su, nefil kan koma ƙasa, ita kuwa iska sama take taruwa, babu ranar da za ta fita. Dubawar ba ta cin minti ɗaya. Haka nan sabon masta, a cika shi a fitar da iskarsa a kan benci kafin a ɗaura, don yakan zauna a karkace a jikin mota, kumfa ta maƙale a ƙuryarsa.

In kuma feda na tafiya ƙasa a takun farko, ta taso da ƙarfi a na biyu, a duba baya. Durom ɗin baya na nan yadda yake, in lainin ya yi nisa da shi, duk man takun farko wajen cike wannan tazara yake tafiya. Boris ɗin gaba da ya saki shi ma yana kawo haka: dis ya riƙa rawa a kan gargada yana tura fistin ciki, sai takun da ya biyo ya zo wayam. Hanyoyin burji da ke shiga gonaki suna saurin tona wannan asiri. Fedar da aka riƙe tana nutsewa a hankali, babu ɗigon mai a ƙasa, robobin cikin masta ne suka gaji.

Tauri kuwa, bayan girman masta, busta ake tuhuma, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi. Gwajinsa kyauta ne. A kashe inji, a taka birki sau biyar ko shida, a riƙe, a tayar da mota. In feda ta ɗan sauka, busta na aiki. In ba ta motsa ba, a bi tiyonsa. Injin fetur da kansa yake zuƙe wa busta iska, amma na dizal sai da famfo na musamman, wanda a motoci da dama yake bayan altaneta. Kuma sandar fedar motar da aka ƙera ba busta takan ninka ƙarfi kamar sau 6, ta mai busta kamar sau 4. Wanda ya haɗa fedar mai busta da masta tsurarsa, sai ya miƙe tsaye a kan birki kafin mota ta tsaya.

Matsalar da ta fi damuna ita ce wadda ba ta nuna kanta a gareji. Mota ta bar Parakou lafiya, kafin a kai Bétérou ta yi nauyi, ƙauri na tashi, wili ba ya taɓuwa don zafi. Yawancin mastan durom suna da ɗan bawul a bakinsu mai riƙe matsi kamar bar 0.7 a bututu, don robobin durom su zauna a cike. Sifirin ɗin durom ya fi ƙarfin wannan matsi. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin, sai fad ya yi ta gogar dis. Dole a cire bawul ɗin daga layin gaba, a bar na baya. Sandar da ke tura masta ma in ta yi tsawo takan toshe ɗan ramin da mai ke komawa tanki. Mai ya yi zafi ya kumbura, ya rasa mafita, birki ya kama kansa. A ɗaga motar, a sassauta notin da ke riƙe masta. In taya ta saki nan take, sandar ce.

Zafin nan yana kai mu ga man birki. Mai nau'in DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuwa 230. Amma man yana shan danshin iska, kuma in ya sha, na farko kan sauko 140, na biyu 155. Motar da ta ɗauko lodi tana gangarowa daga duwatsun Atacora wajen Natitingou tana iya kai tsohon mai wannan mataki, ya zama tururi, feda ta faɗi ƙasa. Gwangwanin da aka buɗe ya yi damina a kan shago bai dace a zuba shi ba, man inji ko na sitiyari kuwa kumbura robobi yake yi.

Sauran abu biyu da ba a ganin su a feda. Dis ya canza rabon ƙarfi tsakanin gaba da baya, don haka ana bukatar bawul mai rage matsin baya, in ba haka ba a-kori-kurar da ta sauke kaya za ta ɗaure tayoyin baya kafin na gaba, ta juya a tsakiyar titi. Sannan in mastan mai layi ɗaya ne, tiyo guda ya fashe birki duka ya tafi. Tunda an riga an buɗe aikin, a sa mai layi biyu. Gwajin lafiyar mota na hukuma yana da lokacinsa, amma kafin nan a nemi fili ba mutane, a taka birki da ƙarfi motar wayam, a sake takawa da cikakken lodin da ta saba ɗauka, a sauko a dubi shatin tayoyin a ƙasa a ga waɗanne suka fara ja.