Labarin Matan Gee's Bend da Bargon Tsumma

Ku sani, ya masu karatu, a jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye, Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye ta fuska uku. Mazaunansa jikokin bayi ne da suka noma auduga a nan. Saboda talauci matansu ba su yar da tsumma. Tsohon wandon aiki da buhun gari sai su yayyanka, su harhaɗa, su shimfiɗa auduga a tsakani, su ɗinke da hannu, ya zama bargon maganin sanyi.

A 1962, zamanin da suke neman ikon jefa ƙuri'a, aka tsayar da jirgin fiton da ke kai su garin Camden, ƙauyen ya zama saniyar ware. A 1966 matan yankin suka kafa jam'iyyar ɗinki, Freedom Quilting Bee, bargunansu suka kai manyan kantunan New York. Fatake su lura: gwanintar tana nan tun kaka da kakanni, haɗa kai ne ya fitar da hajar.

A 2002 aka baje bargunan a gidan nuna zane na birnin Houston. A 2006 gidan wayar Amurka ya buga hoton guda 10 a jikin kan sarki, a shekarar ce kuma jirgin fiton ya dawo aiki.