Iskar Sa Barci a Ɗakin Tiyata da Ɗumamar Yanayi

Iskar da ake shaƙa wa majiyyaci domin ya yi barci lokacin tiyata, jiki ba ya narkar da ita sai ɗan kaɗan. Yawancinta numfashi ne ke fitar da ita, bututu ya kai ta saman rufin asibiti, ta shige sararin samaniya tana tare zafi.

Wadda ta fi ɓarna ita ce desfuluren. Kilo ɗaya nata yana ɗumama duniya kamar kilo 2,500 na iskar kabon, alhali sebofuluren, mai yin aiki iri ɗaya, ɓarnarta ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Shi ya sa Sikotilan ta daina amfani da desfuluren a 2023, ta riga kowace ƙasa. Tarayyar Turai kuma ta sa dokar hana ta daga Janairun 2026, sai inda lafiyar majiyyaci ta tilasta.

Naitiros oksaid, wata iskar sa barcin, tana shafe sama da shekara 100 a sama, tana kuma cinye lemar ozon. Abin takaici, a asibitocin Birtaniya an gano cewa mafi yawanta tsiyayewa take yi daga tsofaffin bututun bango, ba ta ma isa ga majiyyaci. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rufe bututun, a koma ƙananan tukwanen gas.

Likitoci na kuma rage gudun iskar, ko su sa barci ta jijiya, ko su yi allurar kashin baya idan aikin ya dace. Duk wannan ba ya rage wa majiyyaci kariya, kuma yana iya rage wa asibiti kashe kuɗi.