Jini, Aure Da Nono: Yadda Ake Warware Dangantaka A Gidan Da Ya Haɗa 'Ya'ya Daban-Daban

A bakin Bahaushe, kalmar "ɗan'uwa" tana ɗaukar shaƙiƙi da ɗan baffa da agola, har ma da maƙwabcin da aka daɗe tare. Wannan yalwa tana ƙarfafa zumunci, amma tana jawo ruɗani ranar da aka zo neman aure ko rabon gado.

Matsalar tana iya fitowa a unguwanni irin su Nassarawa GRA a Kano. Iyalai da dama a can sun taso ne daga manyan gidajen cikin birni, inda tsohuwa guda kan zayyano asalin kowa da ka. A yau kowane gida yana bayan katangarsa, yara kuma sun san fuskokin dangi a wurin biki, ba tare da sanin inda aka haɗu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a nemi amsar tambayoyi uku: jini ne ya haɗa mutanen, ko aure, ko nono?

Idan jini ne, sai a nemo kakan da aka haɗu a kansa, a ƙirgo zuwa ƙasa: ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Waɗanda suka haɗa uwa da uba shaƙiƙai ne. Waɗanda suka haɗa uba kaɗai 'yan uba ne, ko 'yan turaka. 'Ya'yan wa da ƙani su ne 'yan maza zar, na ya da ƙanwa 'yan mata zar, ɗan mace da ɗan namiji kuwa taubasai ne masu wasa da juna. Aure ya halatta tsakanin waɗannan rukunai uku na ƙarshe.

Bambancin yana da nauyi a gado. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kano ke bi, shaƙiƙi namiji yana katange ɗan uba. Ɗan'uwa na wajen uwa kaɗai yana samun kashi 1 cikin 6, idan mamacin bai bar zuriya ko uba ko kaka na wajen uba ba. In sun kai biyu ko fiye, sai su raba kashi 1 cikin 3 daidai wa daida, mace da namiji.

Idan aure ne ya haɗa, hukuncin daban ne. A ɗauka magidanci mai 'ya'ya ya auri bazawara da ta zo da 'yarta. Da zarar ya tare da uwar, yarinyar ta haramta gare shi har abada, kamar yadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Sai dai ɗansa na wata matar yana iya aurenta, ko da tare suka tashi, domin ba su haɗa uwa ko uba ba. Ɗan da bazawarar za ta haifa a gidan ɗan'uwa ne ga kowannensu, amma hakan bai mayar da su biyun 'yan'uwan juna ba. Haka kuma agola ba ya gadon mijin uwarsa. Wanda ke son ya bar masa wani abu sai ya ba shi kyauta tun yana raye, ko ya yi wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne nono. A Malikiyya, ko sau ɗaya jariri ya sha nonon mace cikin shekaru 2 na farko, ta zama uwarsa, mijinta kuma ubansa. Saboda haka agolar da ta sha nonon uwargida ta haramta ga 'ya'yan uwargidan duka. Kuma yaron da aka kawo riƙo, in ya sha nonon mace ɗaya a gidan, ya zama ɗan'uwan 'ya'yan kishiyoyinta, tunda mijin ɗaya ne. Haramcin yana bin wanda ya sha da zuriyarsa, ba ya shafar yayyensa da ƙannensa, kuma ba ya kawo gado.

A shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano. Asibiti na iya gano ƙwayar sikila a jini, amma babu na'urar da ke gano shayarwa. Wannan sani yana wurin iyaye mata da gwaggwanni ne kawai, kuma idan ya fito bayan an ɗaura aure, sai an raba ma'auratan, ko da sun haihu.

Don haka ya dace kowane gida ya tanadi littafin da zai rubuta wanda ya haifi wa, da auren da aka yi, da wadda ta shayar da wa, tun dattawan da suka shaida suna raye. Inda abin ya rikice, a kai wa malamin fiƙihu kafin a karɓi kuɗin gaisuwa.