Sassaben Zamani: Yadda Iyalai a Maraɗi Suka Mai da Itatuwa Gonakinsu

'Yan'uwa manoma, lokacin sassabe ya kusa. Kafin ku wasa gatari da adda, bari in ba ku labarin maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi.

A shekara ta 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, yana aikin dashen itatuwa a can. Aikin bai yi albarka ba. Rana da iska da awaki da gara suna cinye yawancin dashen. Ran nan ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya kai kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen, sai ya ga ashe toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Saiwar tana nan da rai, ta yi nisa cikin ƙasa. Irin waɗannan kututture kuwa sun cika gonaki, amma kowace shekara sai a sassabe tohon a ƙone.

Dabarar ba wuya. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ka bar su, ka datse sauran. Waɗanda ka bari, ka share musu ƙananan rassa daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, ka riƙa sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Sabara, kalgo, magarya, aduwa, duk suna amsawa. Gawo kuwa ya fi su, gama yakan zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ga taki a gindinsa.

Da farko mutane sun ƙi, suna ganin gona mai itatuwa ta rago ce. A yunwar 1984 mishan ta ba da hatsi ga waɗanda suka yarda su bar itatuwa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Wannan ya kamata mu ma'aikata mu lura da shi: abin da mutum ya yi domin buhu, yakan ƙare tare da buhun. Waɗanda suka riƙe nasu ne suka ga iska ta daina binne shuka, ga itacen girki, ga harawar dabbobi. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Bayan shekara ashirin da wani abu, masu bincike suka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kadada miliyan 5 a Nijar.

To, ina ruwan wannan da ɗumamar duniya da muke ji a rediyo? Hayaƙin mai, da gawayi, da ƙunar daji suna tara iskar kabon a sama, ita kuwa tana riƙe zafi kamar bargo. Itace yana shan wannan iska yana gina jikinsa da ita, har kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Gaskiya ne ba mu ne muka fi ɓata sararin ba, manyan ƙasashe masu masana'antu ne. Duk da haka gonar da Ubangiji ya ba mu amana tamu ce, mu ne kuma fari ke fara taɓawa. A Humbo ta ƙasar Habasha, inda World Vision ta fara wannan aiki a 2006, jama'a sun farfaɗo da kadada fiye da 2,700, har aka biya su kuɗi saboda kabon ɗin da dajinsu ya riƙe.

Amma gida ɗaya ba ya iyawa. Na gwada a gonar mahaifina. Na gyara kalgo da sabara, suka kai tsawon mutum, wani ya zo da dare ya kwashe. Ban yi ƙara ba, laifina ne da ban fara da jama'a ba. Da shekara ta kewayo muka zauna a ƙofar mai unguwa, Kirista da Musulmi, da Fulanin da ke kiwo a gefenmu. Muka yarda itacen da ke gonar mutum nasa ne, makiyayi ya ɗebi 'ya'yan gawo amma kada ya sare kan itacen, a kuma daina cinna wa gona wuta. Matan zumunta suka ɗauki nasu kason, suna gina murhun laka maimakon duwatsu uku, domin reshen da aka datse ya isa girki. Su ne suka fi riƙe maganar, gama su ne ke tafiya neman itace tun da asuba.

Wanda yake so ya fara bana, ya zaga gonarsa tun kafin sassabe, ya ƙidaya kututturen da ke toho, ya ɗaura wa waɗanda ya zaɓa tsumma domin yara da 'yan ƙodago su gane. Sa'an nan ya gaya wa maƙwabtansa na gabas da na yamma.