Gardama A Kan Maganin Murar Kaji

Da zarar hunturu ya sauko, sai kaji su shiga mutuwa a ƙasar Batsari da Safana. Mace ta kwanta da kaji goma a akurki, gari ya waye ta tarad da huɗu sun sandare, sauran kuwa sun yi sukuku, suna koren zawo, wata ma wuyanta ya murɗe. Alhali kuwa su ne kuɗin cefanenta, su ne na kayan ɗakin 'yarta.

Lokacin nan ne gardama kan tashi a kasuwa. Wani ya ce shi ya fasa kafso ja da yalo cikin ruwan sha, kaza uku sun tashi. Wani ya ce asarar kuɗi ce. Sai akawu mai jin rediyo ya sa baki, ya ce ai Turawa suna da maganin da ke kashe ƙwayar cutar kanta, da za a kawo shi da an huta.

Batun kafso ba shi da tsawo. Ciwon fakat da murar tsuntsaye duk ƙwayar da ke kawo su bairos ce, shi kuwa kafso bakteriya ya ke kashewa. Ukun nan da suka tashi, kwanansu ne ke gaba.

Maganar akawu ita ce abar dubawa, don kuwa akwai irin wannan magani, amma na mutane ne. Ɗaya sunansa amantadin, mai araha. A ƙasar Sin masu kiwo suka yi ta zuba wa kaji shi cikin ruwa shekara da shekaru. Cutar ba ta ƙare ba. Zuwa 2004 sai ga murar tsuntsaye tana kashe mutane a Biyetnam da Tailan, aka gwada amantadin, aka tarar ƙwayar ba ta jinsa. Masana da yawa suka ɗora laifin a kan masu kiwon nan. Sin ta hana ba dabbobi shi a 2005, Amurka kuma ta hana ba kaji a 2006.

Na biyun shi ne Tamiflu, na kamfanin Roche a Suwizalan. Sunansa ya bazu nan ƙasar a Fabrairu 2006, sa'ad da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna, karo na farko da aka ga irin mai kashe mutanen nan a Afirka, har ta iso Jihar Katsina. Gwamnatocin duniya suka saye shi jibgi suka ajiye. Amma a 2014 masu bincike na ƙungiyar Cochrane suka bi takardun gwajinsa, suka ce abin da ya ke rage wa mai mura bai cika kwana ɗaya ba, ga shi yana sa tashin zuciya da amai. Wasu likitoci ba su yarda ba, suka ce yana ceton wanda ciwon ya tsananta masa, in an ba shi da wuri. Har yau likita ya kan ba wanda ya kamu da murar tsuntsaye. To, in an ɓata shi a bakin kaji yadda aka ɓata na farkon, me za a ba mai kajin ran da ya kwanta?

Fakat dai yana da rigakafi. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom tana yin wani mai jure zafi, ɗigo ɗaya a idon kaza lafiyayya, bayan wata uku ko huɗu a sake. A nemi malamin dabbobi tun da kaka, ko da ya ke ƙauyukan bakin dajin Rugu isa gare su sai da dabara. Kazar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako biyu. In kuwa kaji suka zube gaba ɗaya, tukkunsu ya kumbura ya yi shuɗi, kada a yanka, kada a fige, a binne su da zurfi, a kai labari ofishin dabbobi ran nan.